Dokoki Biyar a Ɗakin Yaya

Ranar Talata abin ya fara. Tun safe ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yake hana shanya bushewa. Yaya tana kan keken ɗinki a ɗakin da ƙaninta ya ba ta can ƙarshen gida, kusa da kicin. Watanta takwas ke nan a gidan, tun bayan gobarar da ta cinye ɗakinta a wani gari mai nisa, ta kuma hallaka 'ya'yanta biyu. Mijinta bai sake iya kallon fuskarta ba, ita ma ba ta tsaya jiran ranar da zai iya ba. A wannan unguwa babu abin da aka sani game da ita sai cewa yayar maigidan ce, gwanar ɗinki, ba ta da yawan magana.

Ɗakin a da na ajiya ne, kuma har yanzu rabinsa na ajiyar ne. Kujerun roba goma sha biyu an ɗora su ɗaya kan ɗaya, ga kwalin alƙaluman maka, ga manyan fararen takardu a nannaɗe kamar tabarmi. Duk kayan aikin ƙaninta ne. Aikinsa shi ne koya wa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da shugabannin ƙungiyoyi yadda za su jagoranci zama da mutanen da masifa ta taɓa, ba tare da sun fama musu ciwo ba. A wurin aiki Kodineta ake ce masa, har da ɗan rusunawa. Ita Auta take ce masa, domin a bayanta ya girma.

Gilashin tagar ɗakin ya tsage, sai aka liƙe shi da ɗaya daga cikin takardun nan. A kanta akwai rubutun Auta da jan maka, dokokin zama guda biyar. Ƙofa a buɗe take, mai son fita ya fita ba sai ya nemi izini ba. Ba a tilasta wa kowa magana. Ba a taɓa mutum sai an tambaye shi. Abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Labarin mutum nasa ne. Yaya ba ta yi nisa a karatu ba, amma wata takwas tana buɗe ido a kansu kullum, har ta haddace su. Ta farkon ta fi kwanta mata. Tun ranar da ta zo take tokare ƙofarta da wani tsohon dutsen guga, ko ana ruwa ko ana iska. Mutanen gida sun ɗauka zafi take ji.

A ƙarƙashin keken akwai 'yar Auta, yarinya 'yar shekara biyar da aka sa wa sunan Yaya, shi ya sa take ce mata Takwara. Kullum bayan makaranta nan take zama tana tsince ƙyallaye tana ɗinka wa 'yartsanarta riga. Ita kaɗai ce ke sa Yaya dariya har haƙoranta su bayyana.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, in shigo?"

"Yau kuma izini ake nema? Kai da kake shigowa ka cinye mini abinci ka goge baki ka ce kyanwa ce."

Ya yi dariya. Bai sauke kujera ba, ƙasa ya zauna a kan tabarma, ya zama ita ce a sama da shi. Ya ajiye wayarsa a kife kusa da gwiwarsa.

"Ba sai kin ce komai ba," in ji shi. "Zama kawai na zo yi da ke."

Auta ya iya shiru, wannan kam a ba shi. Ya zauna bai tambaye ta komai ba, ruwa na ɗiga daga indararo, har ƙafarta ta tsaya a kan feda da kanta. Ta tura Takwara ta kai wa uwarta ƙyallaye. Daga nan bakinta ya buɗe.

Ta ce ranar kayan makaranta za ta kai wa wata mata, tafiyar minti goma. Ɗakinsu a bakin titi yake, shi ya sa in za ta fita take sa kwaɗo ta waje don kada yaran su bi mota. Ranar yaron, ɗan shekara biyar, ya riƙe mata zani ya ce, "Mama kar ki kulle, wallahi ba zan fita ba, zan kula da ƙanwata." Ta yi dariya ta ɓamɓare hannunsa, ta kulle. Matar da ta kai wa kaya ta riƙe ta, sai an gwada wa yara ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo wuta da ƙarfi, wayar lantarkin ɗakin ta kama. Da ta dawo ta tarar da maza suna dukan kwaɗon da dutse. Makullin yana ƙulle a haɓar zaninta, ta kasa kwance ƙullin.

Ana cikin haka Takwara ta leƙo. "Gwaggo, zarena ya cukurkuɗe!" Auta ya lallaɓa ta ya mayar da ita, ya dawo ya zauna.

"Kowa a garin can ya san da kwaɗon," in ji Yaya. "Shi ya sa na baro shi. Amma abin da yaron ya faɗa mini, babu mahalukin da ya sani, ko ubansa. Kai ne na farko."

Auta ya yi kuka tare da ita, kuma hawayen gaske ne. Ranar Yaya ta ci abinci har ta nemi ƙari. Matar Auta, wadda Yaya take kira Amarya duk da shekara bakwai da auren, ta ce, "Yau wace rana! Yaya, ko dai in riƙa roƙon ruwan sama kullum ne?"

Bayan mako biyu, ranar Asabar da hantsi, Yaya tana yankan yadi sai ta ji kukan mace a falo. Ta ɗauka wata maƙwabciya ce ta zo da labarin rasuwa. Ta yafa mayafi ta fita da sauri. Babu kowa a falon sai Auta da kwamfuta a cinyarsa. Matar da ke kuka tana cikin kwamfutar. Ta ce, "ya riƙe mini zani," sai Auta ya danna, ta sake cewa, "ya riƙe mini zani." Sau uku Yaya ta ji kafin ta gane muryar wa take ji.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya rufe kwamfutar a hankali. "Zauna, Yaya. Da ma zan yi miki maganar."

"Ɗaukar muryata ka yi?"

"Babu suna a ciki, babu gari. Wata mata kawai nake cewa. Yaya, shekara shida ina wannan aikin da misalan da na karanto a takarda, mutane na hamma. Jiya a wurin bita na kunna musu wannan, ɗakin nan tsit. Wani babban likita ya fita waje yana share ido. Kin san mata nawa wannan zai taimaka wa?"

"Jiya? Har ka riga ka kunna?"

"Na fahimce ki. Kina da haƙƙin jin haushi, kuma na gode da kika faɗa mini."

Ta dube shi. Muryar ba ta Auta ba ce, ta wurin aiki ce, mai laushi kamar auduga, ba inda za ka kama ta.

"Ba godiya na zo karɓa ba. Goge shi."

"Bari mu ba abin lokaci, mu sake zama a kai."

Ba su sake zama ba. Bai kuma goge ba.

Abin da Auta bai lura da shi ba, ko ya lura bai damu ba, shi ne muryar Takwara a tsakiyar ɗaukar. Cikin waɗanda suka halarci bitar akwai malamar ajinsu, wadda ke jin muryar yarinyar kwana biyar a mako. Ranar Litinin da yamma sai ga ta da yadi a leda, wai ɗinki ta kawo. Tana shiga ta jefar da ledar ta rungume Yaya, ta matse ta a ƙirji tana kuka.

"Baiwar Allah, ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan! Ba laifinki ba ne, kin ji? Kowa zai iya kullewa."

Yaya ta sandare a hannunta kamar itace. Amarya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Kulle me?" in ji Amarya.

Malamar ba muguwa ba ce. Mutum ɗaya kawai ta faɗa wa, ita ma don ta taya Yaya da addu'a. Kafin Juma'a layin gaba ɗaya ya sani. Mako na farko ɗinki ya yi yawa fiye da kowane lokaci. Mata suna zuwa biyu-biyu da tsofaffin riguna wai a rage musu, su zauna suna kallon hannunta, suna kallon dutsen gugar da ke tokare da ƙofa, suna haɗa ido. Wata ta tambaye ta ko tana ganinsu a mafarki. Da suka gama kallo sai suka daina zuwa. Wata rana ta fita sayen allura a kantin bakin layi, yara uku da ke wasan ƙwallo suka tsaya, ɗaya ya ce da ƙarfi, "Ga Mai Kwaɗo nan!" Mai kanti ya daka musu tsawa, amma shi ma da zai ba ta canji, a kan tebur ya ajiye bai ɗago ido ba.

A cikin gida Amarya ba ta yi faɗa da ita ba. Da mijinta ta yi, Yaya na ji ta bango.

"Wata takwas ina barin 'yata a hannunta, ba ka faɗa mini ba! Mutanen waje sun sani, ni da nake dafa mata abinci sai a bakin malamar makaranta zan ji?"

"Sirrinta ne, ba ni da ikon faɗa miki."

"Sirri? Da lasifika?"

Washegari Takwara ba ta zo ƙarƙashin keke ba. Amarya ta shirya da wata ƙawarta a riƙa wucewa da yarinyar gidanta daga makaranta har ita ta taso daga aiki. Ta zo da kanta ta faɗa wa Yaya, tana murza gefen mayafi.

"Ba wai wani abu ba ne, Yaya. Don ki samu hutu ne. Yarinyar nan akwai surutu."

"Ban ce na gaji ba."

"Na sani. Amma ni uwa ce. Ke ma da ke ce..." Ta ga inda maganar za ta kai ta, ta juya ta fita.

Daga nan ashana ta ɓace daga kicin. Aka riƙa cire kan tukunyar gas in za a fita. Babu wanda ya ce mata komai, sai dai ta shiga dafa shayi ta tarar babu abin kunnawa, ta koma ta sha ruwan sanyi da burodi. Daga ƙarfe bakwai da rabi na safe zuwa biyar na yamma gidan babu motsin kowa sai nata. Ta yanka wa Takwara wata riga mai ruwan ɗorawa daga ragowar yadi, tana ɗinka ta kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare. In yarinyar ta dawo da yamma takan ruga ɗakin, amma kafin ta zauna uwarta ta kira ta wanka, daga wanka sai aikin gida, daga aikin gida sai barci.

Shi kuwa Auta tauraronsa sai haskawa yake. Ana kiransa garuruwa. Ya sayi sabuwar jaka. Kullum in ya dawo yakan tsaya a ƙofarta ya ce, "Yaya, yau ya zuciyar?" Ta ce lafiya. Ya ce, "Madalla, ina alfahari da ke," ya wuce.

Wata Laraba ya shigo ya fara sauke kujerun roba.

"Manyanmu ne za su zo gobe daga babban ofis, da wasu da muke horarwa. Sun ji muryar, suna so su gaisa da mai ita. Gaisuwa kawai."

"Ba ka ce wata mata kake cewa ba?"

"Su na gida ne, Yaya. Kuma aikina gaba ɗaya a kan wannan ziyarar yake. In ba ki so, ba dole." Ya tsaya da kujera a hannu yana kallonta da idanun nan da yake kallonta da su yana yaro in yana son a goya shi. "Amma na riga na ce musu kin yarda."

A gidansa take, abincinsa take ci. Ta ce to.

Ranar Alhamis aka jera kujerun a da'ira a falo. Mutum goma sha ɗaya, maza da mata, kowa da littafi da biro. Amarya ta kawo shayi da biskit. Yaya ta nufi kujerar da ke kusa da ƙofa, sai wani saurayi mai kyamara ya ce hasken wurin bai yi ba, aka mayar da ita can ƙurya kusa da taga, tsakanin wata mata mai gilashi da wani mai ƙaton ciki.

Auta ya tsaya a tsakiya. Yaya ba ta taɓa ganinsa yana aiki ba, kuma gaskiya ya iya. Ya sa kowa ya ja numfashi sau uku. Ya karanto dokoki biyar ɗin nan da ka, yana ɗaga yatsa ɗaya-ɗaya, mutane suna gyaɗa kai. Ya ce shugaba na gari ba ya tura mutum, bin sa yake a baya. Sai ya juyo gare ta.

"Yaya, in kin ga dama, ki ɗan faɗa mana yadda ranar ta kasance. A hankali, babu gaggawa."

Biro goma sha ɗaya suka tsaya a kan takarda. Ta kalli ƙofa. Tana buɗe, ana ganin tsakar gida da igiyar shanya, da ƙaramin takalmin Takwara a bakin famfo. Ta kafa ido a kan takalmin. Ta yunƙura za ta tashi, matar mai gilashi ta dafa mata gwiwa, ta ce, "Muna tare da ke, 'yar'uwa."

A lokacin maƙwabci ya tayar da janareta. Mai kyamara ya ɓata fuska, ya nuna kunnensa. Wani na kusa da ƙofa ya miƙa hannu ya tura ta, ya murɗa makulli don kada iska ta sake buɗewa. Ƙaras.

Yaya ba ta san lokacin da ta tsallake tebur ba. Kofunan shayi suka tarwatse. Ta isa ƙofar tana dukanta da tafin hannu biyu, tana kiran sunayen da ba ta furta ba tun wata tara, ɗaya bayan ɗaya, tana laluben haɓar zaninta tana neman ƙullin da babu shi. Makullin yana jikin ƙofar a gaban idonta, ba ta gan shi ba. Amarya ce ta buɗe ta waje da nata. Yaya ta faɗi a tsakar gida a kan gwiwoyinta, mayafi a ƙasa, tana haki.

Daga inda take tana jin muryar Auta a ciki, mai laushi, ko rawa ba ta yi.

"Kowa ya zauna, a ba ta fili. To, kun ga abin da muka tattauna jiya. Ƙara ɗaya ta isa ta mayar da mutum ranar da abin ya faru. Wa zai faɗa mini kuskuren da muka yi a nan?"

Hannu uku suka tashi. Aka rubuta. Da za su tafi, babban cikinsu ya riƙe hannun Auta ya daɗe yana girgizawa, ya ce bai taɓa ganin wanda ya riƙe ɗaki a irin wannan hali kamar shi ba. Babu wanda ya leƙa ɗakin da ke kusa da kicin. Sun ce a ba ta fili.

Bayan wannan rana ko ɗakin da ƙofarsa ke buɗe ya daina zaunuwa. Da gidan ya yi shiru sai ta fita. Ba ta da inda za ta, tafiya kawai take yi, ta bi bakin titi har ƙafarta ta gaji, ta zauna a kan dakalin wani shago tana kallon motoci. Siket ɗinta ya fara zamewa, ta rage shi, bayan kwana goma ta sake ragewa. Wata rana ta manta hanya, wani mai gyaran babur da ya san Auta ya dawo da ita da la'asar, ƙafarta duk ƙura, takalmi ɗaya a tsinke. Rabin layin suna ƙofar gidajensu suna kallo.

Auta yana shirin tafiyar kwana uku, an ƙara masa girma, yanzu yankin gaba ɗaya a hannunsa yake. Yaya ta ji shi da Amarya a kicin suna magana ƙasa-ƙasa.

"In mota ta kaɗe ta fa? Me za mu ce wa dangi?"

"Ki yi abin da ya dace don lafiyarta. In na dawo zan nema mata wanda zai duba ta."

"Kai ba aikinka ke nan ba?"

"Ba a yi wa ɗan'uwa. Ƙa'ida ce."

Ranar Litinin da safe gari ya yi haske, babu ko gajimare. Amarya ta shigo da faranti, da robar ruwa, da bokiti mai murfi, ta ajiye su a gefen katifa ba ta kalli Yaya ba. Ta sunkuya ta ɗauke dutsen gugar.

"Zuwa biyar ne kawai, Yaya. Don Allah ki yi haƙuri. Don ke ake yi."

Ƙofar ta rufu. Yaya ta ji ana zura ƙarfe a cikin ƙarfe. Sai ta ji gudun ƙananan takalma, da muryar Takwara daf da katakon.

"Mama kar ki kulle! Gwaggo ba za ta fita ba, wallahi ba za ta fita ba!"

"Sakar mini zani, za mu makara."

Kwaɗon ya ce ƙaras. Aka ja yarinyar tana kuka, kukan ya yi nisa, ƙofar gida ta rufu.

Yaya ba ta daki ƙofar ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ita, ta ɗora hannu a kan katakon ta baya, daidai tsayin da hannun ɗan shekara biyar zai kai. Wata tara tana tambayar kanta yadda abin yake daga ciki. Ranar ta sani. Rana ta biyo ta cikin takardar da ke liƙe a taga, jan rubutun ya fito sarai, ta yi ta kallonsa awa tara da rabi. Ba ta taɓa abincin ba. Washegari ma aka kulle. Ranar Laraba ma haka.

Auta ya dawo ranar Laraba da yamma da tsarabar lemo. Ya tarar an buɗe ta, tana zaune a kan katifa, jakarta a ɗaure a gefe. Ta ɓamɓaro takardar daga taga, iska na shigowa ta tsagewar gilashin. Ta miƙa masa.

"Karanta mini ta farko."

"Yaya..."

"Karanta. Rubutunka ne."

Ya karanta, muryarsa can ƙasa.

"Ta biyu."

Ya karanta har ta biyar. Ya naɗe takardar a hankali kamar yadda ya saba naɗe su bayan taro.

"Wannan na wurin aiki ne, Yaya," in ji shi. "Nan gida ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta tuna shi yana ɗan wata goma, zazzaɓi ya kama shi, ta kwana uku tana zagaya tsakar gida da shi a baya. Ta nemi yaron nan a fuskar mutumin da ke tsaye da ledar lemo, ba ta same shi ba. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe.

Da safe, kafin a zo da kwaɗo, ta ɗauki jakarta. Ta ajiye rigar mai ruwan ɗorawa a kan keke, hannu ɗaya ba a haɗa ba, allura a soke a wuyanta. Takwara tana banɗaki ana yi mata wanka, tana rera waƙar makaranta. Yaya ta tsaya a tsakar gida har waƙar ta kai ƙarshe, sannan ta fita. Ta bar ƙofar gidan a buɗe. Mai kanti ya ga wucewarta ta nufi tasha. An ce tana wurin wata 'yar'uwar mahaifiyarsu a wani ƙauye, tana kwana a rumfa, ba ta shiga ɗaki. Auta yana cewa in aiki ya yi sauƙi zai je. Amarya tana cewa ita dai Allah ya ga zuciyarta. An mayar da ɗakin na ajiya gaba ɗaya, an sa sabon gilashi.

Ga abin da aka rasa. Yaya ta rasa mata goma sha huɗu da ke kawo mata ɗinki, da keken da ta bari don ba ta iya ɗaukarsa. Ta rasa unguwa ɗaya tak a duniya da ake gaishe ta ba a kalli hannunta ba. Ta rasa maganar ƙarshe ta ɗanta, wadda ta ɓoye wata takwas, yanzu kuma baƙi a garuruwa tara sun rubuta ta a littafi. Ta rasa Takwara. Ta rasa ƙanin da ta goya. Takwara ta rasa gwaggo, ta kuma koyi yadda ake kulle babba a ɗaki a tafi aiki. Auta bai rasa komai da ya lura da shi ba. Ɗaukar tana nan a kwamfutarsa, minti goma sha ɗaya, ya yanke wurin da yarinyar ta yi magana. Yana kunna ta duk ranar farko ta bita, bayan ya gama karanta dokoki.